Ƙofar Ɗakin Inna

Ni magini ne, kuma ba na son a koya mini aikina. Shi ya sa ranar da aka yi gwajin gudun ambaliya a ƙauyenmu, can bakin gulbi ta wajen Gidan Rumji, na fito rai a ɓace. Tsakiyar rani, ko ɗigon ruwa babu, wai mu gudu!

Wata mata ce ta zo daga buro, wato ofishin magajin gari, da takarda a hannu. An rubuta komai: da an busa usur kowa ya nufi lakol, makarantar bokon da ke kan tudu, ni da maƙwabtana uku kuma mu ɗauko mahaifiyata. Inna ta shekara biyar ba ta taka ƙasa ba, ƙugunta ba ya son taɓi, sai dai a ɗauke ta da gadonta.

Aka busa usur. Muka cicciɓi gado, muka zo ƙofar ɗaki, ya ƙi fita. Muka karkata shi, Inna ta yi ƙara. Dole muka mayar da ita.

Matar ta ce, "Baba, ƙa'idar ita ce abin da ya cije a gwaji a gyara shi, a sake gwadawa. Sai an faɗaɗa ƙofar nan."

Na ce, "Ke, da hannuna fa na gina ta!"

Inna daga kwance ta ce, "To da hannunka za ka fasa ta. Ko ce maka aka yi na iya iyo?"

Na fasa, ina ta gunaguni. Bayan sati biyu aka sake gwaji, gado ya wuce sumul.

A damina ta biyu, wata la'asar, gulbi ya cika ya shigo gari. Usur kawai na ji, sai ga maƙwabtan nan uku a tsakar gidana, kowa ya kama ƙafar gadon da ya saba kamawa. Ruwa iya gwiwa muka fita. Ba mu kai lakol ba muka ji rugugi a bayanmu, ashe ɗakin Inna ne ya zube.

Wallahi na yi kuka a kan tudun nan. Matar kuwa an canza mata wurin aiki, ban samu na ba ta haƙuri ba. Allah ya saka mata da alheri duk inda take. Har yau in aka ba ni ginin ɗaki, ba na yanka ƙofa sai na ce a nuna mini gadon da za a sa ciki na auna.