Ƙirga goma kafin ka amsa

Shekarun baya, ina koyar da Ingilishi a wata kwaleji, wato ƙaramar sakandare, a garin Dogo, aka kira mu malaman Ingilishi zuwa Zinder, kwas na ƙarin ƙwarewa, sati uku. Formasiyo muke ce masa. Aka ce ukun da suka fi kowa za a tura su wata ƙasa ta bakin teku su ƙaro karatu. Ni kuwa ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin damina ba, teku sai a littafi. Tun a mota na riga na isa can a zuciyata, ga ni tsaye na naɗe wando, ruwa yana zuwa ya taɓa ƙafata ya koma.

Kuma ban yi shakkar shiga cikin ukun ba. Shekara tara ina koyarwa, ga baki kamar rediyo.

A satin farko kowa ya yi darasin gwaji, sauran malamai suna zaune a matsayin yara. Na zuba Ingilishi har ni kaina na burge kaina. Malamar da ke horar da mu, wata dattijuwa mai sanyin magana, tana baya da agogo a hannu. Da na gama sai ta kira ni yadda ake kiran malami da Faransanci, ta ce, "Mushe, darasin minti arba'in da biyar ne, kai kaɗai ka cinye arba'in. Ka yi tambaya goma sha ɗaya, ka amsa goma sha ɗaya. Yaran fa, kallo suka zo?" Ta ce daga ranar in na yi tambaya in kama bakina, in ƙirga goma a zuci. Abokina da muka zo tare ya raɗa mini, "Kai da shiru? Sai dai in barci ya ɗauke ka." Na ji kunya ƙwarai.

A gidan mahaifiyata na sauka, a unguwar Kara-Kara. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Da la'asar na tarar da ita a bakin turmi tana juya niƙaƙƙiyar gyaɗa, na zauna ina kai ƙarar malamar. Ta yi dariya har ta saki muciya.

"Ai ba ta yi maka ƙarya ba. Tun kana ƙarami sai ka ce, 'Inna, me za a dafa?' Kafin in buɗe baki ka ce shinkafa."

Ta miƙo mini muciyar. Na ɗauki ruwan zafi zan tuttula don a gama da wuri, ta riƙe mini hannu. "Kaɗan ake zubawa, a juya, a saurara. Man yana ciki, ba kai za ka sa shi ba." Na juya, na saurara. Can sai ga shi yana tsattsafowa a gefen turmi, a hankali, yana ƙyalli.

Ranar jarrabawar ƙarshe aka ba mu ajin ɗalibai na gaske. Na tambaye su da Ingilishi, me kowa yake so ya gani a rayuwarsa? Tsit. Ɗaya, biyu, uku. A bakwai amsa ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye ta. Goma ta cika, ba wanda ya motsa, na ga teku yana ja da baya. Na ƙara saurarawa. Sai wata yarinya a bencin ƙarshe ta ɗaga hannu rabi-rabi. Da Ingilishinta mai tuntuɓe ta ce tana so ta ga inda kwaltar da ta wuce ƙofar gidansu ta ƙare. Daga nan hannuwa suka yi ta tashi.

Na ci jarrabawa, amma na huɗu na zo. Malamar ta ce na gyaru, sai dai makin satin farko ya ja ni ƙasa. Abokina ya shiga cikin ukun. Na taya shi murna da baki, zuciyata kuwa ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Da ya dawo, ina nan gidan mahaifiyata hutu bai ƙare ba, ya kawo mini tsarabar ruwan teku a 'yar roba. Mahaifiyata ta tsoma yatsa ta lasa, ta ce, "Kan wannan gishirin kake ta ramewa?" Na tambaye shi yaya ƙarar teku take. Ya ce daga nesa take farawa ƙasa-ƙasa, kamar mutane suna raɗa, sannan ta taso.

Na koma Dogo, na fara jin muryoyin yaran da na shekara biyu ina koya wa ban san yadda suke magana ba. Wannan ya fi rashin tafiyar yi mini ciwo.

Har yau ban ga teku ba, kuma har yau ina so. Amma kullum in na yi tambaya na kama bakina, wajen bakwai ko takwas sai raɗa ta fara daga bayan aji, ƙasa-ƙasa, tana matsowa. Nakan tsaya da alli a hannu, in jira ta iso inda nake.