Lema a Cikin Rumfa

Ni dai a sanina, mutum yana zaman rumfa ne kafin Allah ya hore masa ɗaki. Sai da aikin jinya ya kai ni wani otal na Yahudawa a bakin teku, can ƙarshen Queens, na ga masu hali sun baro ɗakuna masu kafet sun koma rumfa, suna ta murna kamar an yi musu bushara.

A lokacin ina zaune a unguwar Soundview, ina kula da wani tsoho Bayahude da ƙafa ta daina ɗaukarsa, ƙirji kuma kullum cikin tari. Baba nake ce masa, bai taɓa hana ni ba. Babbar 'yarsa ce ta ɗauke ni aikin, mace mai kirki amma ba a ja da ita. Da sanyi ya fara leƙowa ta ce duk iyalin za su tafi otal su yi mako guda na idin rumfuna, kuma Baba ba ya zuwa ko'ina ba tare da ni ba.

Otal ɗin ya sa na zama baƙauya sabuwa fil. Kicin biyu ne, na nama daban, na madara daban, ko cokali ba ya ƙetarawa. Ni da na saba yi wa kowane gidan abinci tambayar ƙwaƙwa, a nan na ci nama hankalina kwance, tunda su ma yanka suke yi kuma ba sa cin alade, har da neman ƙari. A manyan ranakun idin lif da kansa yake tsayawa a kowane hawa don addininsu ya hana danna maɓalli a ranakun. Na ɗauka lalacewa ya yi, har na fara faɗa, wata tsohuwa ta yi ta yi mini dariya. Da safe kuma sai ka ga manyan mutane riƙe da reshen dabino da wani lemo mai ƙamshi, ana lallaɓa shi kamar jinjiri.

Rumfar tana bayan otal, tana kallon teku. Bangonta katako, rufinta gora da ganye an ɗora jefi-jefi, sama tana leƙowa ta ko'ina. Na ce a raina, wanda ya yi wannan rufin da a garinmu yake da yara sun yi masa waƙa. Amma da jama'a suka cika ta suka ɗauki baiti baki ɗaya, teku na amsa musu daga baya, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Baba kuwa duk wannan daga taga yake kallo. Ranar da muka iso zazzaɓi ya kama shi, 'yarsa ta ce ba inda za shi. A bakin tagar nan ya ba ni labarin idin: kakanninsu da suka tsere wa Fir'auna, a rumfuna suka zauna cikin jeji tare da Annabi Musa. Na ce ai mu ma mun san labarin.

"Tun ina yaro shekara ba ta taɓa wucewa ban ci abinci a rumfa ba," in ji shi. "Baɗi kuwa, ke ma da kike jin tarin nan kin san ba da ni ba."



Ranar ƙarshe zazzaɓin ya sauka, sai ga hadari ya haɗo daga teku. 'Yar ta ce addininsu ya ɗauke wa marar lafiya, a bar maganar. Baba ya juya fuskarsa bango, ya ƙi shayi. Na fita na kira yayata da ke Harlem, ko zan samu shawara.

"Ke dai ki riƙe job ɗinki," ta ce. "In tsohon nan ya yi catching cold, ke za a yi blaming, ba holiday ba."

Na san gaskiya ta faɗa, amma zuciyata ta ƙi. Sai dabara ta faɗo mini. Ina da wata ƙatuwar lema baƙa da na saya a titin 116. Na sami 'yar na ce ta bari in sauko da shi, zan riƙe masa lema, ko ɗigo ba zai taɓa shi ba. Ta daɗe tana kallona. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta rufe, ta ce to.

Na naɗe shi da bargo na tura kekensa na marasa lafiya har tsakiyar rumfar. An fara yayyafi kaɗan-kaɗan. Na tsaya a bayansa na buɗe lemata ina jin kaina gwana.

Baba ya ga inuwa ta faɗo kan farantinsa. Ya ɗaga kai a hankali.

"Mene ne wannan?"

"Lema ce, Baba."

"In kika sa lema tsakanina da rufin nan, ban shiga rumfa ba. Lemarki na shiga."

Ya juya ya kalli 'yarsa, ta sunkuyar da kai. Ashe ta sani sarai, ta yi shiru ne ko zai ƙyale. Ni kuma raina ya ɓaci, ga kunya ga tsoro.

"Baba, rufin nan fa yoyo yake yi!"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Da gangan ne, 'yata. In ruwa ba zai iya shiga ba, ba rumfa ba ce. Mako ɗaya a shekara mutum ya fito daga ginin da yake taƙama da shi, ya tuna wanda yake rufa masa asiri da gaske."

Ban san lokacin da ya fito daga bakina da Hausa ba: "Duniya rumfar kara."

Ya ce me na ce, na fassara masa yadda na iya. Maganar mahaifiyata ce a duk gidan gaisuwar mutuwa. Na ji ta har ta zama mini kamar sallama, ban taɓa zaton akwai mutanen da ke kafa karin maganar nan da gora da ganye su shiga ciki su ci abinci da jikokinsu ba. Baba ya maimaita ta da karyayyen harshe, ya ce in sake faɗa masa.

Na rufe lemar. 'Yar ce da kanta ta gutsuro burodi ta sa masa a hannu, tana kuka ba sauti. Ya yi addu'arsa da yarensu, muryar sirit kamar zare, na kusa da mu suka amsa da amin. Amin ɗin nan dai irin namu ne, har na amsa tare da su kafin in ankara. Yayyafi yana sauka a gemunsa, shi kuwa yana tauna a hankali, idonsa a kan 'yar ɓular da ke saitin kansa. Ban taɓa ganin mutum ya ci loma da irin wannan natsuwa ba.

Da ya haɗiye ya ce, "To, mai da ni ciki. Malamanmu sun ce wanda ya ci gaba da zama ruwa na dukansa wawa ne." Sai da muka fita ƙofar rumfar ya yarda na buɗe masa lemar.

Ko mura bai yi ba. Amma bai kai baɗin ba, kamar yadda ya faɗa.

Da idin ya zagayo, 'yar ta kira ni ta ce in zo in ci abinci da su a 'yar rumfar da suka kafa a bayan gida. Ta zaunar da ni a inda da kekensa zai tsaya. Muna cikin ci aka fara yayyafi, ta kalle ni, na kalle ta. Lemar tana cikin jakata, a nan na bar ta.