Komen Da Na Yi Saboda Ƙwallon Kwando

Edita, a shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ni bazawara ce a ɗakin mahaifiyata a Gyadi-Gyadi. Doguwa ce ni, har maƙwabta na tsokanata wai in ƙwan lantarki ya mutu ni za a kira, ba sai an nemo kujera ba. Na buga wa kwalejinmu ƙwallon kwando, na kuma yi kwas ɗin horarwa. Aure ne ya raba ni da fili, don mijina ya ce matarsa ba za ta riƙa tsalle a gaban maza ba. Da zama ya ƙi, ya sake ni, na dawo gida da akwatina da takalmin wasana.

Wata rana kocin 'yan matan kwalejin, wani dattijo ɗan Kudu da ya tsufa a Tarauni har Hausarsa ta fi tawa gishiri, ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya ce za a ɗauki mataimakan koci, kuma dole a sami mace a ciki, don iyaye sun fara janye 'ya'yansu, sun ce ba za su bar su tafiya gasa da maza zalla ba. Shi dai ni yake so a ɗauka. Ranar intabiyu na tarar da sabon kwamiti, 'yan siyasa an sha manyan riguna. Ba wanda ya tambaye ni yadda ake tsare gida ko jefa ƙwallo a kwando. Shugabansu ya tambaya ko ina da aure, da na ce a'a sai ya gyara hula, ya ce ai ba a ba wa bazawara amanar 'ya'yan mutane, matar aure suke nema mai kamun kai. Na fito cike da takaici.

Daman tsohon mijina ya daɗe yana aiko manya neman kome, ina ƙi. A satin na aika masa cewa na yarda, muddin zai bar ni in yi aikin. Ya ce ba komai, ai aikin gwamnati ne. Inna ta rangaɗa guɗa, tana zaton addu'arta ce ta ci. Ni kuwa na san halinsa sarai, na rufe ido aka sake ɗaura aure, kwamiti ya ba ni aikin.

Wallahi na ji daɗin watannin nan. Na bi iyaye gida-gida ina durƙusawa har suka sako 'ya'yansu. Na sa wani tela a Unguwa Uku ya ɗinka musu dogayen wanduna da huluna don bakin mutane ya mutu. Yarinyar da ke runtse ido in an jefo mata ƙwallo, sai ga ta tana ƙwace ta a hannun wadda ta fi ta tsayi. A gida kuwa fuska ta fara ɗaurewa, yau abinci ya yi latti, gobe wai ina warin zufa.

Safiyar da za mu tafi gasa wata jiha, na ɗauko jakata sai ya tsaya a zaure, ya ce in na taka ƙofar nan a bakin aurena. Na tuna masa alkawarinsa, ya ce ya fasa. Na san yaran suna cikin mota, iyayensu na tsaye a gindinta, kuma in ba su ga mace ta shiga ba, za su sauke 'ya'yansu. Na ce masa ya matsa in wuce, na tare ɗan acaɓa.

Ba mu ciyo kofi ba, a wasan kusa da na ƙarshe aka fitar da mu. Kafin mu dawo an kai kayana gidan Inna, labari kuma ya riga ni isa kwamiti. Shugaban ya ce sharaɗi ya karye, in ajiye aiki. Koci ya roƙa har da ƙwalla, a banza. Suka kawo wata matar aure, baiwar Allah mai kirki, wadda iyakarta riƙe wa yara jaka a gindin bishiya.

Har yau akwai masu cewa na kashe aurena a kan ƙwallo, in ji kunya. Abin da nake jin kunyarsa komen ne, don na mai da aure takardar neman aiki, na cuci kaina, shi ma ban kyauta masa ba. 'Yan'uwana mata, kada wadda ta koma gidan da ta san ba za ta zauna ba don wasu su kira ta mai kamun kai, domin ranar da ya rushe su ne za su fara juya mata baya. Ku kuma masu ɗaukar aiki, ku ji tsoron Allah, ku tambayi mace abin da ta iya. Amma fitar nan da na yi, kada wanda ya jira tubana. Da za a dawo da safiyar nan, motar zan sake shiga.