Makullin da Na Ɗaure a Bakin Zani

Ko shekara nawa zan ƙara a duniya, ranar da na tafi Tarai gaisuwar mutuwa ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin Baba ya yi wata huɗu a kwance a gidanmu na Fassi, ɓarin jikinsa ya shanye. Haɗiya tana ba shi wahala, majina kan taru masa a maƙogwaro har numfashi ya riƙa fita da kakari. Yayanmu, direban motar haya tsakanin Rano da Kano, shi ya kawo wani ɗan inji mai caji da ke zuƙo majinar ta wani siririn tiyo. Wata ma'aikaciyar jinya a Rano ta koya mana aiki da shi, ni da ƙanwata, ta ce, "Ku bar shi kusa da kansa koyaushe."

Na ce to. Amma ni akwai ni da ɓoyon kaya, har tsokanata ake yi wai ko allura na samu sai na sa mata kwado. Ga kuma 'yan dubiya, kowa ya shigo sai ya taɓa, ya danna: "Ikon Allah! Wannan ne mai jan majinar?" Rannan saura kaɗan gwaggonmu ta kifar da kunu a kan injin. Raina ya ɓaci. Sai na fara naɗe shi a atamfa ina kullewa a akwatin ƙarfen marigayiya Inna, inda muke ajiye duk abu mai daraja, in buƙata ta taso in buɗe. Makullin kuwa na bakin zanina, yadda na ga Inna tana yi.

Ranar tafiyar, da safe na zuƙe wa Baba majinar, ya yi wasai. Na durƙusa na ce, "Baba, zan je Tarai in dawo." Ya ɗaga mini hannunsa mai lafiya. Wallahi ko kaɗan ban tuna da makullin ba.

Muna zaune a Tarai ana addu'a wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce, tana ihu: "Yaya, ina makullin? Baba ya sarƙe da koko!" Ta cikin wayar ina jin kakarinsa. Na shafa ƙuguna, na ji ƙullin. Innalillahi!

"Ku fasa! Ku fasa akwatin!"

Maza duk suna gona. Ita da maƙwabciyarmu suka yi ta dukan kwadon da taɓarya. Ni kuma na haye babur ɗin ɗan acaba, ina kuka ina ce masa ya ƙara wuta. Da na isa, akwati a buɗe, murfinsa ya lotse, inji yana ta ƙugi a kan tabarma ba wanda ya tuna ya kashe. An riga an lulluɓe Baba.

Babu wanda ya zarge ni. Yayanmu cewa ya yi, "Kwana ne ya ƙare, ki yi haƙuri." Na sani, na kuma yarda. Amma har yau in na ji tsoho yana tari, sai gabana ya faɗi.

Ranar na gane abin ceton rai ba kayan ajiya ba ne. Da na bari an yi ta taɓa shi, ko da zai tsufa a wata guda. Injin nan bai ko ƙwarzane ba, Baba ne na rasa.