Hannun Hagun da Aka Ja wa Layi

Assalamu alaikum jama'a. Tun da hotunan lallen bikin 'yata suka fita ake ta tambayata: Hajiya Binta, wannan tabon fa? Wasu har sun yanke hukunci wai ƙunar mai ce. Tun ina yarinya ban taɓa buɗe baki a kan hannun nan ba. Yau dai zan faɗa.

Ni bahaguwa ce. A ƙasar waje aka haife ni, a unguwar Awendjé, a wani birni na bakin teku, Babana mutumin Kano ne mai shagon atamfa a kasuwar Mont-Bouët. A gida Inna na buge min hannu in na ɗauki cokali da hagu. A lakwal kuma, wato makarantar boko, malaminmu na da wani katako mai faɗi kamar filafilin kwale-kwale, a rataye gefen allo. Laifina kullum ɗaya ne, alli a hagu.

Da na kai ƙara gida, turmin atamfa Baba ya aika wa matar malamin. Wallahi! Ya ce a ci gaba da gyara masa ni.

Ran da abin ya faru, tsoro ya sa na janye hannu, sai katakon ya sauka da gefensa a bayan hannuna. Na ji ƙas. Fatar ta tsage kaɗan.

Ba a daɗe da karya darajar sefa, kuɗin ƙasar, ba, magani ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Ga shi an fara kamen baƙi, takardar zaman Baba kuma ta ƙare. Wa zai tunkari asibiti? Wajen wani maɗori aka kai ni a unguwa, ya ja, ya jera kara, ya ɗaure tamau.

Sai zazzaɓi.

Abin da nake tunawa a kwanakin nan duk ruwa ne. Ina kwance da rana, ruwan sama na dukan kwano, sai in ga ɗakin ya cika da teku har saman gado. Hannuna ya rabu da ni, yana iyo can gaba a hankali, ina kiransa ba ya waiwayowa. Ban ji tsoro ba, daɗi ma nake ji, don a cikin ruwan ba ya ciwo.

Muryar Inna ce ta dawo da ni, tana ce wa Baba: "Malam, hannun yarinyar nan wari yake."

Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya goya ni. Inna ta tare ƙofa: "In suka kama ka fa?"

Ya ce, "To su kama."

Jandarmomi sun tsayar da taksinmu a hanya. Ɗaya ya leƙo, ya ga hannun, ya toshe hanci ya ce mu wuce.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, aka ɗebi jini, aka sa min ƙarin ruwa. Likitar mace ce, mai sanyin murya. Ta ce ƙashi ya karye, ruɓa ta shiga. Ta ɗauki biro ta ja layi a wuyan hannuna, ta ce in kumburin ya haye nan, dole a yanke.

Wani maƙwabcin shagon Baba ya zo dubiya, ya ce, "Alhamdulillahi ma dai, ba na dama ba ne."

Ban taɓa ganin Baba haka ba. Ya miƙe, ya ce, "Alhaji, tashi ka tafi. Hannun uwata ne." Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Da mutumin ya fita, ya zauna a ƙasa ya kifa kai a bakin gadona, ya ce, "Ni na biya aka karya ki, uwata."

Kowace safiya wankin ciwo. Ihuna har ɗakin haihuwa ake ji, ma'aikatan suka sa min suna Jiniya. Bayan nan allura, bayan nan barci, in koma tekuna. Da na farka, layin biron nake fara dubawa.

Kumburin ya zo daf da shi, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya fara ja da baya.

Baba bai ga haka ba. Ya fita sayo allura a farmasi, aka kama shi a hanya, aka sa shi a jirgin ruwa da sauran baƙi, aka fitar da su daga ƙasar. Abokin da suka fita tare ne ya kawo mana maganin a leda.

Da aka kwance bandeji, yatsun sun sandare. Likita ta ce in ban yi aiki da su ba, haka za su zauna har abada. Da muka koma gida Inna ta zuba min shinkafa, ta tsaya kallon cokalin, sannan ta buɗe yatsuna na hagu ɗaya bayan ɗaya ta damƙa min shi. Ta ce, "Ci, Binta. Allah ya ga dalili."

Sai da na zama budurwa na sake ganin Baba, a Kano. Kafin in gama durƙusawa ya kamo hannun yana juya shi, yana motsa yatsun, yana ce wa mutanen zaure, "Ku duba, yana nan."

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar da ban riƙe ko sunanta ba. Allah ya ji ƙan Baba da Inna. Malamin kuwa, har yau raina na ɓaci in na tuna shi, ba zan yi muku ƙarya ba.

Iyaye, in yaro ya ce an dake shi a makaranta, ku duba wurin da idonku kafin ku ce ya yi laifi. Karaya mai buɗaɗɗen ciwo asibiti ake kai ta, ba a ɗaure ta a gida. Kumburi da zazzaɓi da wari, kada ku jira gobe. Ku je makarantar 'ya'yanku ku tambaya ko akwai katako a gefen allo.

In kuma Allah ya ba ku bahago, ku bar masa hannunsa. Nawa saura kaɗan a jefa shi a bokitin asibiti, ina 'yar aji uku, saboda alli.