Rasit Biyu, Hannu Ɗaya

Ba zan faɗi sunana ba, 'ya'yana suna raye kuma suna jin kunya. Ni ɗan manomi ne daga ƙasar Kiru. Allah ya ba ni kan lissafi, har aka tura ni makarantar koyon aikin akawu, inda muka koyi riƙe littafin kuɗi da yadda ake bin sawun kowane kwabo. Mu biyu muka fi kowa a aji, ni da wani Isa, mutumin Bebeji. Shi ya wuce ƙasar waje ƙaro ilmin binciken kuɗi, ni kuwa na ce karatu ya isa haka, aka ba ni aikin malamin jangali, wato harajin shanu. Wannan kafin a sami mulkin kai ne da 'yan shekaru.

Aikin ba wuya. A ƙirga shanu, a karɓi kuɗi, in rubuta rasit da takardar kabon a ƙasa, in ba mai shanu na sama, na ƙasa ya zauna a littafi. Wata rana na manta ban sa kabon ba. Da na zo cike na ƙasa sai zuciya ta ce, wa zai sani in ka rage saniya biyu? Na rage. Sule kaɗan ne, na sayi hula. Shekara ba ta zagayo ba sai ga ni da keke sabo fil da riguna har uku, ina cire kabon da gangan.

A wajen Burumburum akwai wani dattijo, Arɗo Buba, mai shanu sittin. Ya biya jangalinsa cif, na ba shi rasit na sittin, na rubuta ashirin a littafi. Bayan wata biyu aka fito kamen masu ɓoye shanu, da ni da dogarai. Aka ƙirga nasa, aka ce ya ɓoye arba'in. Arɗo ya yi murmushi ya nuna ni, ya ce, "Ga malam nan, shi ya karɓa da hannunsa." Ya ciro rasit ya miƙo. A wurin nan kaf ni kaɗai ke karanta boko. Na duba na ce, "Baba, ai wannan na bara ne."

Wallahi har yau ina jin yadda ya ce, "Malam, sake dubawa dai." Ban sake ba. Aka ci shi tara mai nauyi, aka kora shanunsa mafi kyau kasuwar Tudun Wada aka sayar.

Wautata ita ce na mayar masa da takardar, ina ganin zai yar. Ashe ya kai wa baduku an ɗinke ta a fata ya rataya a wuya. Da aka turo mai binciken kuɗi, sai na ga Isa ne. Raina ya yi fari, na ce namu ne. Ina! Ya kwana uku kan littattafaina, sannan ya hau keke ya bi rugage ɗaya bayan ɗaya yana neman rasit. Ya dawo ya ajiye na Arɗo kusa da na littafi, lamba ɗaya, kwanan wata ɗaya. Ya ce, "Tare muka koya, ka fi ni ƙwaƙwalwa. Me ya kai ka?" Na ce ya rufa mini asiri. Ya ce, "Asirin tsohon nan wa ya rufa?"

Alƙali ya ɗaure ni shekara huɗu. Ina ciki mahaifina ya rasu, ban ga gawarsa ba.

Da na fito na nemi Arɗo har na same shi a wajen Doguwa. Kuɗin tarar an mayar masa, amma shanun sun tafi, ragowar kuma ciwo ya cinye. Kiwon wani yake yi, ga tsufa. Na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya dube ni ya ce, "Na yafe don Allah. Amma kada ka zauna, tashi ka tafi."

Na tuba, ina noma ɗan fegina, ba wanda ya ƙara ba ni ajiyar ko sisi. Ku yara masu karatun lissafi, za a zaunar da ku a gaban mutanen da ba su iya karanta abin da kuka rubuta musu, duk abin da kuka faɗa shi ne. Ranar da wani dattijo ya ce ku sake dubawa, don Allah ku sake.