Igiyar Gugan Inna Hajo

Kwana biyu ke nan ban iya cin abinci ba, kuma duk na rufe ido Inna Hajo nake gani, kakata ta Argungu, zaune gaban murhu tana turara shinkafa.

Ina aji huɗu aka yanke Kebbi daga Sakkwato. Malaminmu ya zana ƙasa da toka a filin makaranta, ya kira jiha, mu yi tsalle mu dira cikinta. Wanda ya kuskure ya fita fili. Kullum ni ce farkon fita, don ƙafata Sakkwato ta sani.

Wata magariba na kai wa Inna kuka. Ba ta taɓa riƙe alli ba, amma ta bi kakanmu kamun kifi har Yawuri. Ta kwance igiyar guga ta shimfiɗa a tsakar gida.

"Ga gulbi. Mi malamin naku ya sani in bai hwara da gulbi ba?"

Ta ajiye albasa, Argungu ke nan. Ludayi Birnin Kebbi, duk gefe ɗaya na igiya. Ƙetare kuwa ta kife ƙwarya, ta ce can hanyar Nijar ce da Dahomai. Ta kira gari in dira, in na kuskure ta ɗana min kara a ƙafa. Da na gaji sai ta gyara itace ta ce, "Ga ta nan ta biyo ruwa." Na ce ta iso mu ji.

Wai wata ɗiyar masunci ce ta kai kifi Birnin Kebbi. Da za ta koma sai ga kura ta naɗa rawani, tana jan jaki. Ta ce hau in kai ki gida, ɗiyata. Suna tafe har ruwa ya taɓa kofaton jaki. Nan Inna takan rage murya har sai na matso jikinta.

"Ɗiya ta ce, Baba, gidanmu ba a jiƙa ƙahwa. Ta diro ta sheƙa."

Shekaranjiya da hantsi na karɓo takardar sakamakona ta sakandare a Birnin Kebbi. Maimakon in shiga tasha, na tsaya bakin titi. Wata ƙaramar mota ta tsaya, direba yana kiran Argungu. Maza biyu a gaba, baya kuma wata dattijuwa da kwandon kaji. Ganin ta ya sa na shiga.

Na jira mu wuce garin Gwadangaji da ke kan hanyarmu ban gani ba, balle Zauro. Sai gangara, sai fadamar shinkafa dama da hagu.

"Malam direba, wagga ba hanyar Argungu ba ta."

"Yanke za mu yi, ƙanwata. Kwantar da hankalinki."

Na kusa da shi ya juyo ya dube ni, ya miƙo hannu ya danne makullin ƙofata. Can gaba na hango gada. Na san babu yanken da ke ƙetare gulbi ya kai mutum Argungu.

Shanu suka tare bakin gadar, direba ya taka birki. Na fizge makullin, na faɗa waje ina ihu. Wasu mata masu yankan shinkafa suka taso da laujensu.

"Lahiya? Ɗiyar wa ta?"

Motar ta kutsa cikin shanu ta haye, da jakata da takardata.

A da na ɗauka Inna so take in daina fita fili. Yanzu na gane tsoro ta ji mini, irin na wadda ta san ɗiya mace za ta yi tafiya wata rana babu kowa nata. Allah ya jiƙan ta.

Baba ya ce takarda a sake nema. Ni ba ita ke hana ni cin abinci ba. Dattijuwar nan ce. Lokacin da na faɗo na ji ta ce, "Ke ɗiya, ina za ki? Ba mu kai ba." Har yanzu ban sani ba ko tasu ce, ko kuwa ita ma Argungu ta ce a kai ta.